Mun yi ranar tattaki zuwa makaranta, washegari motoci suka dawo

Tambaya: Ni mamba ce a ƙungiyar iyaye da malamai ta wata makarantar firamare. Kullum da safe bakin ƙofarmu cike yake da motoci da babura, alhali yawancin yaran gidajensu ba su da nisa. Bara mun shirya ranar tattaki, yara suka zo da ƙafa, aka yi waƙe-waƙe aka ɗauki hotuna, washegari komai ya koma yadda yake. Wane irin taro za mu shirya bana wanda zai sa yaran su riƙa zuwa da ƙafa?

Amsa: Malama, sannunku da ƙoƙari. Abin da ya same ku bara ya sami kusan duk makarantar da na taɓa yi wa irin wannan aiki, har da wadda na soma da ita, don haka kada ki ɗauka gazawarku ce. Kuskuren ɗaya ne a ko'ina: ana shirya taron don a shawo kan yara, alhali ba yara ke yanke shawara ba. Ɗan shekara bakwai, in dai da abokansa zai jera, ba sai an lallashe shi ba, riƙe shi ma ake yi kada ya ruga. Wadda ake bukatar a shawo kanta ita ce uwar da ke tsaye da mukullin mota a hannu ƙarfe bakwai da kwata, zuciyarta na kan mahaɗar nan da ba ta yarda da ita ba, idonta na kan agogo saboda wurin aiki. Tsoro da lokaci ke nan. Taron da bai taɓa waɗannan biyun ba zai yi kyau a hoto, amma ranar Alhamis za ki sake ganin motocin da kika gani ranar Talata.

Bari in nuna miki girman abin da kike kokawa da shi. A Amurka, a 1969, kusan kashi 48 cikin ɗari na yara 'yan shekara 5 zuwa 14 da ƙafa ko a keke suke zuwa makaranta. Zuwa 2009 sun koma kashi 13. A Ingila, binciken da Mayer Hillman da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa a 1971 kashi 80 cikin ɗari na 'yan shekara bakwai da takwas suna zuwa makaranta ba tare da babba ba, a 1990 kuwa kashi 9 suka rage. Ƙafafun yara ba su gajarce ba a shekara ashirin. Nisa na da nasa laifin a wuraren da aka riƙa gina makarantu a bayan gari, amma ke kin ce naku yaran na kusa ne, saboda haka naku ciwon shi ne wanda ke ciyar da kansa. Motoci sun yi yawa a bakin makaranta, wata uwa ta gani ta ce ita kam ɗanta ba zai ratsa wannan cunkoso ba, ta ɗauko shi a mota, motarta ta shiga cikin cunkoson da zai tsorata uwa ta gaba. Kowa yana kare ɗansa daga motar ɗan'uwansa.

Kada kuma ki yarda wani a kwamitinku ya tashi a taro ya ce iyaye lalaci ne ke damunsu. Tsoronsu na da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Gudu shi ne uwa uba. Motar da ke kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai kilomita 30 tana cin mita 8 da ɗoriya. Idan yaro ya faɗo titi, direba na bukatar kamar daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai birki. A daidai wurin da mai gudun 30 ya riga ya tsaya cak, mai gudun 50 bai ma taka birkinsa ba. Shi ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Idan titin da ke gaban makarantarku ana sheƙa 50 ko 60 a kansa, to uwar da ta ƙi sakin ɗanta ta fi kwamitinku gaskiya, kuma daga nan aikinku ya kamata ya soma.

Ita kanta ranar tattakin ba don biki aka ƙirƙiro ta ba. A Birtaniya, gundumar Hertfordshire ce ta gwada makon zuwa makaranta da ƙafa a 1994. A Amurka an yi ta farko a Shikago a 1997, kuma ƙungiyar da ta shirya ta, Partnership for a Walkable America, manufarta ita ce a ja hankalin hukuma ga titunan da ba su biyuwa da ƙafa. A 2000 Kanada da Birtaniya da Amurka suka haɗu aka mayar da ita ranar duniya, ana yin ta a watan Oktoba. Wato ranar ƙararrawa ce ake bugawa don a taru a yi wani aiki. Ku bara kun buga ƙararrawar, mutane sun taru, sai aka sallame su ba a ba su aikin ba.

To ga yadda zan jera abin in da ni ce a kujerarki. Taron farko ba shi da rumfa, ba shi da lasifika. Zagayen duba hanya ne, kuma ana yin sa makonni kafin babbar ranar, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tara iyaye goma ko goma sha biyu, malami ɗaya ko biyu, da yara kaɗan daga aji daban-daban, ku bi hanyoyin da yaran za su bi, a ranar makaranta, a daidai lokacin da za su bi su. Zagayen da aka yi da yammacin ranar hutu ƙarya zai gaya miki, don titin ba shi ne na safiya ba. Mutum ɗaya ya riƙe taswira da biro, wani ya riƙe waya yana ɗaukar hoto. Ku rubuta inda gefen masu tafiya ya ƙare aka tilasta wa mutum sauka kan kwalta, inda murfin lambatu ya ɓace, inda reshe ya rufe alama, inda motoci ke shan kwana ba sa rage gudu.

Akwai abu ɗaya da nake sa kowa ya yi a irin wannan zagaye. Na taɓa fita da iyayen wata makaranta, a cikinsu akwai wani uba da ya zo kawai don matarsa ta matsa masa. Tun daga ƙofa yake cewa hanyar lafiya lau take, shi kullum yana bin ta. A mota yake bin ta. Da muka iso wata kwana inda ake ajiye motoci har bakin mahaɗa, na ce kowa ya tsuguna, ya sauke idonsa daidai tsayin yaro ɗan shekara shida, sannan ya gaya mini abin da yake hangowa. Bawan Allah ya tsuguna, wandonsa na ofis yana shan ƙura, ya leƙa dama ya leƙa hagu. Ba ya ganin komai sai ƙofar wata farar mota da madubinta. Yana nan tsugune wani babur ya wuce fuu, iskarsa ta kaɗa masa riga. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, bai ce uffan ba. Shi ne daga baya ya riƙa zarya a ofishin hukuma har aka hana ajiye mota a kwanar. Da na yi masa lacca ta awa guda a ɗakin taro, da bai motsa ba. Gani ya kori ji.

Yaran ma a tambaye su, amma ba a gaban taro ba. Malami ya ba kowa takarda a aji ya zana hanyarsa daga gida, ya sa jan alama inda yake jin tsoro. Za ki sha mamaki. Manya motoci suke gani, yara kuwa za su nuna miki gidan da kare ke yin haushi ta ƙarƙashin ƙofa, da kangon da manyan yara ke zama suna tare su, da kwararon da ruwa ke kwanciya. Na ga yarinyar da ta gwammace ta tsallaka babban titi sau biyu a kan ta wuce gaban wani kare da ke ɗaure. Babu injiniyan da zai gano wannan daga taswira.

A makon nan kuma ku yi ƙidaya, abu ne na minti biyu. Talata da Laraba da Alhamis, bayan kiran suna, malami ya ce waɗanda suka zo da ƙafa su ɗaga hannu, sannan na keke, na mota, na babur, na bas, ya rubuta. Idan ba ku da wannan adadi na farko, bayan wata uku gardama za ku yi ta yi, wannan ya ce an samu ci gaba, wancan ya ce bai ga komai ba.

Yanzu ga abin da zai ɗauki nauyin tafiyar bayan an naɗe tabarmar biki. Turawa na kiransa bas mai tafiya da ƙafa, ni ayari nake ce masa, don ya fi kama da shi: hanya sananniya, zango-zango da aka tsayar, lokacin da aka yanke, babba a gaba yana ja, babba a baya yana kora, yara na shiga a zangon da ya fi kusa da gidansu. Wani ɗan Ostireliya, David Engwicht, shi ya yaɗa shawarar a 1992, a Ingila kuma wata makaranta a St Albans ta soma shi a 1998. Garin Lecco a arewacin Italiya ya kafa nasa a 2003, da hanyoyi da zanguna kamar na bas na gaske. A Japan kuwa tun kafin duk wannan yara a unguwanni da yawa a rukuni suke tafiya, manyan 'yan aji shida a gaba, 'yan aji ɗaya da hularsu ruwan ɗorawa don direba ya hango su, ga gidaje da shaguna a hanya masu alama a ƙofa da ke nuna yaro zai iya shiga in ya ga abin tsoro.

Dalilin da ya sa ayari ke aiki inda biki ya kasa shi ne yana amsa tambayoyin uwar nan mai mukulli duka biyu. Tsoro: ɗanta ba shi kaɗai ba ne, yana tsakanin manya biyu, kuma direban da ba zai ga yaro ɗaya ba dole ya ga goma sha biyu a jere cikin riguna masu ƙyalli. Lokaci: in ta yi rakiya ranar da layi ya zo kanta, ta huta da kai yaro sauran ranakun da ayarin ke tafiya. Wannan na biyun shi za ki riƙa faɗa wa iyaye da babbar murya. Maganar lafiyar jiki gaskiya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya na so yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki na minti 60 a rana, tafiyar minti 15 zuwa da 15 dawowa kuwa ta cinye rabi. Amma ban taɓa ganin uwar da wannan lissafi ya sa ta ajiye mukulli ba. Wadda aka ce mata za ta isa wurin aiki ba tare da ta shiga cunkoson ƙofar makaranta ba, ita na ga ta sa hannu a takarda.

Yawan manya kuwa, shawarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar ita nake bi: babba ɗaya ga yara uku in 'yan shekara 4 zuwa 6 ne, babba ɗaya ga shida in sun ɗan fi haka, 'yan shekara goma zuwa sama kuma ba sa bukatar da yawa. Amma komai ƙanƙantar ayari kada ya tashi da babba ɗaya. Biyu ne mafi ƙaranci, saboda in yaro ya faɗi ya fasa gwiwa ɗaya zai tsaya da shi, kuma saboda bai dace a bar mutum shi kaɗai da 'ya'yan mutane ba, don kariyar yaran da tasa. Duk mai rakiya ya zama makaranta ta san shi, kowane yaro iyayensa sun sa hannu a takardar izini, jagora na riƙe da sunaye da lambobin waya, yana kiran suna a kowane zango.

Bari in gaya miki yadda na kashe ayarina na farko, don kada ki maimaita. Mun soma da hanyoyi huɗu, kwana biyar a mako, don zumuɗi. Uku suka mutu cikin wata guda. Ta huɗun ta rayu ne a kan mace ɗaya mai himma wadda ba ta taɓa fashi ba, mu kuma muka sake jiki muna yabon ta a taro. A mako na tara aka sauya mata lokacin aiki. Ranar Litinin yara bakwai suka tsaya a zango da jakunkunansu, ba wanda ya zo, iyaye suka kwashe su a mota a makare, ransu a ɓace. Ba mu sake ganin ko ɗaya daga cikinsu a zangon ba. Uwa za ta yafe miki abubuwa da yawa, amma ba za ta yafe miki ɗanta tsaye a bakin titi ba kowa ba. Tun daga nan ƙa'idata ita ce hanya ɗaya, rana ɗaya a mako, manya huɗu a jerin karɓa-karɓa, da mutum na biyar wanda aikinsa kawai ya ɗaga waya in an kira shi da sassafe. Ayari ba ya fashi, ba ya kuma jiran wanda ya makara. In wannan ta yi zangon karatu guda tana tafiya, iyayen wata unguwar da kansu za su zo su ce su ma a buɗe musu.

Tun kafin ranar farko kuma ku yanke abin da za a yi in an tashi da ruwa ko tsananin zafi ko sanyi, ku rubuta, kowa ya sani. Ko ana tafiya da lema, ko ana soke ta da saƙo kafin wani lokaci da aka tsayar. Wanne kuka zaɓa ba shi ne damuwa ba, damuwar ita ce rabin iyaye su ɗauka ana yi, rabi su ɗauka an fasa.

Sai koyar da tsallaka titi, wanda a nan ma ana yawan ɓata lokaci. Yaro ƙasa da shekara goma bai gama ƙwarewa wajen auna gudun mota da nisanta ba, kuma waƙar duba dama duba hagu da ya haddace a aji ba ta bin sa zuwa bakin kwalta. Masana a Jami'ar Strathclyde sun gwada wani tsari mai suna Kerbcraft a unguwar Drumchapel ta birnin Gilasgo, inda iyaye 'yan sa kai ke fita da 'yan shekara 5 zuwa 7, biyu ko uku a lokaci guda, zuwa titi na gaske. Abu uku suke koya musu: zaɓen wurin da ya dace a tsallaka, tsallakawa a tsakanin motocin da aka ajiye, da tsallakawa kusa da mahaɗa. Babba ba ya ba da amsa, tambaya yake yi: daga nan kana ganin motar da ke zuwa? Me ya tare maka? To ina za mu matsa? Ayarinku makaranta ce ta wannan kullum, in masu rakiya sun san su riƙa tambaya a madadin su yi ta jan hannu kawai.

Kada ki manta da yaran da ba za su iya ba, don a nan taro mai kyakkyawar niyya kan yi rauni. Akwai na nesa, akwai mai lalurar ƙafa, akwai wanda uwarsa ke da jariri da wasu yara biyu a wata makarantar. Ga na nesa, ku samo wani fili mai tafiyar minti biyar zuwa goma daga makaranta, ku nemi izinin mai shi, iyaye su sauke yara a can su shiga ayari. Riba biyu ce, yaro ya taka, mota kuma ba ta iso ƙofa ba. Mai keken guragu kuwa hanyar da aka zaɓa ta zama wadda kekensa zai bi, shi ma ya shiga jeri. Saboda irin waɗannan yara ne ba na son gasar da ake kiran sunan yaro ɗaya a filin taro a ce ya fi kowa tafiya, don a gaskiya gidan ubansa ake yi wa kyauta saboda ya fi kusa. Ƙungiyar Living Streets ta Birtaniya, wadda aka kafa tun 1929 don kare masu tafiya a ƙasa, tana da tsari mai sauƙi da ya fi wannan: duk yaron da ya zo da ƙafa, ko a keke, ko aka sauke shi nesa ya ƙarasa, ko sau ɗaya ne a mako, in wata ya cika yana samun ɗan bajo na maƙalawa a riga, kuma yara ne ke zana bajon a gasa. Sau ɗaya a mako abu ne da kusan kowane gida zai iya. Ba sai kun buga bajo ba, tauraro a allon aji ma ya isa, in dai ajin ake ƙirga wa baki ɗaya.

Sai a nan babbar ranar ke shigowa, kuma yanzu tana da aikin yi. Ku sa ta a farkon zangon karatu, a tsakiyar mako, a kuma ranar da ayari zai ci gaba da tafiya. Kada ku sa ta dab da hutu, abin da aka kunna zai huce kafin a dawo. A yi waƙa, a yi kwalaye masu rubutu, shugaban makaranta ya tsaya a ƙofa yana gaisawa da kowane yaro, duk wannan yana da daɗi kuma yara na son sa. Amma abubuwa biyu ne za su nuna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Na farko baƙin da kuka gayyata. Jami'in da ke kula da tituna, da na 'yan sandan hanya, da wakilin unguwarku a majalisar ƙaramar hukuma, kada ku ba su kujera a inuwa su jira jawabi. Ku sa su a ayarin da ke bin hanya mafi muni, su tsallaka mahaɗar nan da yara riƙe da hannunsu, in da hali su ma su tsuguna. Da an iso ƙofa a miƙa musu takarda mai buƙata ɗaya, da hotonta, da sa hannun iyaye. Ɗaya na ce. Takarda mai buƙata goma sha biyar aljihun tebur take kwana, amma zanen tsallakawa a wuri kaza, ko tudun rage gudu biyu a gaban ƙofa, abu ne da jami'i zai iya cewa to a kansa a gaban mutane. Kada ki raina irin waɗannan ƙananan gyare-gyare. Birnin Odense na Denmark da su ya soma tun shekarun 1970, yana tambayar yara inda suke jin tsoro yana gyarawa, daga can ne tunanin amintattun hanyoyin zuwa makaranta ya bazu, har majalisar Amurka ta ware masa dala miliyan 612 a 2005. A Darussalam ta Tanzaniya, inda yawancin yara dama da ƙafa suke zuwa, ƙungiyar Amend ta yi wa kewayen makarantu tudun rage gudu da gefen tafiya da zanen tsallakawa, wani wurin ma ƙofar makarantar kawai aka mayar ɓangaren da ba babban titi, binciken da aka yi kuma ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin ɗari.

In kuna da ƙarfin hali, ku nemi izinin hukuma a rufe titin gaban makaranta ga motoci na minti 45 a safiyar ranar, a matsayin gwaji. Birnin Bolzano na Italiya yana yin haka tun 1989, unguwar Hackney ta Landan ta soma a 2017, yanzu ɗaruruwan makarantu a Landan haka suke yi safe da yamma. Da izini nake cewa, a rubuce, da jami'i a wurin, kuma a sanar da maƙwabta tun mako guda kafin nan, a bar wa mazauna titin da motar asibiti hanya. Abin da ke kama mutane a irin wannan safiya shirun ne. Iyaye kan tsaya a tsakiyar kwalta suna hira, suna jin muryar yaransu daga nesa, sai ka ji wani ya ce ashe haka wurin nan yake.

Na biyu tebur ne ƙarami a bakin ƙofa, da takarda da biro da mutum mai fara'a a bayansa. A takardar an rubuta ranar tafiya ta gaba, wato mako mai zuwa, da layukan da iyaye za su sa suna da ranar da za su iya rakiya. A safiyar nan ne kawai za ki samu iyaye da yawa a tsaye wuri ɗaya, jikinsu da ɗumin tafiya, ɗansu na jan rigarsu yana cewa gobe ma mu zo da ƙafa. In suka wuce ba su rubuta ba, saƙon waya ba zai dawo da su ba. Bayan mako shida ku sake ƙidayar ɗaga hannu, kwana uku kamar ta farko, ku manna sakamakon a ƙofa ko da ƙarin bai taka kara ya karya ba. Aji mai yara talatin da masu ƙafa suka tashi daga shida zuwa goma, motoci huɗu ke nan suka bar bakin ƙofarku.

Kin ce bara an ɗauki hotuna. Ki nemo su yau, ki bar kallon yaran, ki duba manyan da ke bayansu. Duk uwa ko uba ko kakar da ta fito a hoton nan ta riga ta nuna miki cewa gidanta na da kusa kuma safiyarta na da sarari. Ki rubuta sunayensu, ki ga unguwar da ta fi yawan fuskoki, hanyarku ta farko ke nan. Su za ki fara kira zuwa zagayen duba hanya.